Tsofaffin bindigogin gado: a buɗe musu hanya zuwa gidan tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana kan tsofaffin bindigogin da ke jingine a lungun ɗaki, ko naɗe cikin tabarma a saman rumbu, a gidajen sarauta da na maharba da na 'yan mazan jiya a faɗin Kebbi da Zamfara. Na san ambaton bindiga kaɗai yana ɗaga hankali a yankin da ɓarayin daji suka mayar da mata da yawa zawarawa. Amma shirun da ake yi kan waɗannan tsofaffin ƙarafa yana jawo mana asara ta fuska biyu: samari na rasa yatsu da idanu wajen gwada su, kayan tarihi kuma na ƙarewa a rijiya da masai.

Iri biyu ne, na soja masu cin harsashi da na toka, kuma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan aka sa bindigar soja mai cin harsashin 7.62 ko 9 na milimita, ko .300 da .303 na inci, tare da ƙananan bindigogin hannu ko da na ɗuri ne. Gida na biyu su ne irin na farauta masu cin harsashi, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri ta baki, wato bindigar toka ko harbi-ka-ruga, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da yardar gwamna. Ke nan tsohuwar mak-fo, wato Lee-Enfield da 'yan sanda suka daɗe suna ratayawa, tana gida na farko, ko da tsatsa ta cinye ta, ko da rabonta da harbi tun kafin a haifi mai gidan. Hukuncin riƙe ta ɗaurin shekara 10 ne. Dokar ba ta ware wani gurbi na kayan tarihi a hannun mutum ba. Ko a 2022 da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, babban hafsan tsaron ƙasa ya fito ya ce wannan ba hurumin gwamna ba ne.

Yadda aka yi bindigar toka ta zama tamu, ta harsashi ta zama ta gwamnati, tsohon labari ne. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasels kan hana sayar wa mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogin zamani, aka bar mana na ɗuri masu dutsen ƙanƙara da albarushi. Sakamakon ya bayyana a nan ƙasarmu. A Kwatarkwashi cikin 1903, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa kan sojojin Turawa da ba su kai hamsin ba, ba su iya keta su ba, Waziri ya rasu a wurin. Ran 15 ga Maris na wannan shekara haka ta faru a Giginya, bakin Sakkwato. Bayan shekara arba'in jikokin waɗannan mayaƙa ne suka rataya Lee-Enfield suka tafi yaƙin ƙasar Bama, wato Burma, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba da sojoji tun wancan zamani. Duk bindigar da ta rage daga waɗannan lokuta shaida ce, kuma shaidun suna ƙarewa.

Masu irin waɗannan bindigogi ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wanda ya ɗauke ta amanar kaka, ba ya harbawa, ba ya sayarwa, ba ya ma son a san tana nan. Niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ɓoyon ne ke kashe ta: ya naɗe ta cikin leda ko fata, laimar damina ta shiga ta kasa fita, gara ta bi ƙota, bayan 'yan shekaru a buɗe a tarar da jan gari. Akwai mai cewa bindigar da ba ta tashi sanda ce, don haka ranar biki ko ranar da aka ji motsi a bayan gari sai a ɗauko a gwada. Akwai kuma wanda tsoro ya cika, da zarar tsoho ya rasu sai ya jefa ta rijiya da dare, ko ya miƙa wa ɗan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Wannan na ƙarshe ba na ganin laifinsa sosai, domin ba wanda ya taɓa nuna masa ƙofar da zai kai ta ya dawo gida lafiya. Amma abin da aka miƙa wa ɗan gwangwan ba a san hannun da zai faɗa ba, kuma a yanayin da muke ciki wannan babban haɗari ne.

Wannan saɓani har a ƙasashen da doka ta yarda a tara irin waɗannan bindigogi ana yin sa. A Amurka akwai lasisi na musamman na masu tara bindigar da ta haura shekara 50, akwai ma hukumar da majalisa ta amince ta sayar wa 'yan ƙasa ragowar bindigar M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu. Masu tarawa a can suna duba ko lambar da ke jikin sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, ta yi daidai da ta gangar jiki, kuma suna jin zafin wanda ya yanke ƙota ko ya huda ƙarfe don ɗora madubin hange, domin darajarta ta zube ke nan har abada. Masu harbi kuma na cewa don aiki aka ƙera ta, ajiye ta a bango wulaƙanci ne. Sai dai ko mai harbin a can ba ya ɗana tsohuwar bindiga sai ƙwararre ya auna ta da ma'auni. A Ingila kuwa akwai hanya ta uku, wadda ita ce ta dace da mu: a kashe bindigar. Ana tsaga bututun a toshe shi da walda, a yanke fuskar sakata, a cire allurar da ke dukan harsashi, sannan ɗaya daga cikin gidajen gwajin bindiga biyu, na Landan ko na Bamingham, ya buga hatimi ya ba da takarda. Daga nan ta zama kayan kallo, rubutunta da katakonta na nan, amma ba za ta sake tashi ba.

Ga mai ganin tsohuwar bindigar soja za ta tsare masa gida, bari in faɗa masa abin da ke cikinta, ko da an ajiye maganar doka gefe. Samfurin Lee-Enfield da aka fara bai wa sojan Ingila a 1907 da wanda ya biyo baya a 1941, wanda muke kira mak-fo, duk sun haura shekara 80 in dai na lokacin yaƙi ne, wasu sun wuce 100. Tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi akwai wata 'yar tazara da ake aunawa da kason dubu na inci. Yawan aiki yana buɗa ta. Shi ya sa aka yi wa mak-fo kan sakata mai cirewa, masu lamba 0 zuwa 3, domin mai gyaran makamai na bariki ya sauya idan tazarar ta yi yawa. Bindigar da ta yi yawo hannu zuwa hannu sau da yawa sakatarta ta wata ce daban aka zura mata. Idan tazarar ta wuce kima, kwanson harsashi yana miƙewa ya tsage daga gindi, iskar wuta mai tsananin ƙarfi ta dawo baya, kuma abin da ke bayan sakata shi ne idon mai harbi na dama. Ido ba ya gane wannan aibi, sai ma'auni.

Harsashin ma nasa ciwon daban. Tsohon .303 na soja cike yake da wani maganin wuta mai suna kodayit, sirara dogaye kamar taliya, mai zafin da ke cinye farkon bututu. Ɗan maɓallin da ke gindin harsashin kuma, wanda allura ke duka, yana barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin na jan laima, mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Soja ya san haka, shi ya sa ake zuba tafasasshen ruwa a bututu bayan harbi. Bindigar da aka harba aka jingine shekara da shekaru ba a wanke ba, cikinta ya zama ramuka ko da wajenta na sheƙi. Harsashin da ya sha zafin Kebbi da laimarta na shekara sittin kuma yakan yi jinkirin tashi: a ja kunama a ji shiru, mutum ya sauke bindiga ko ya buɗe sakata ya duba, sannan ta tashi. Wani kuma ya tashi da rauni, kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, na biyu ya zo ya tarar da shi, bututu ya fashe a daidai inda hannun hagu yake riƙe. In kuma ta tashi lafiya, kan harsashin mai nauyin kimanin giram 11 yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, yana iya yin tafiyar kusan kilomita uku. Wanda ya harba sama a tsakiyar gari bai san kan wa zai sauka ba.

Akwai alama ɗaya da ya kamata kowa ya sani: haruffan DP da aka buga a ƙarfe ko a ƙota. Ma'anarsu soja sun yanke cewa bindigar ta fareti ce kawai, an same ta da aibin da ya hana a harba ta. Irin waɗannan sun bazu sosai a ƙasashen da Ingila ta mallaka, domin da su ake koya wa kurata riƙo da juyi.

Rubutun da ke jikinta shi ne dukiyar. A tsohon samfurin, duba zoben ƙarfen da ke haɗa ƙota da gangar jiki ta dama, ƙarƙashin hannun sakata: akwai kambin sarauta, da haruffan sarkin Ingila na lokacin, da sunan masana'anta, ko Enfield ko BSA, ko Lithgow ta Ostareliya, ko Ishapore ta Indiya, sannan shekarar ƙira. A mak-fo rubutun na gefen hagu, kuma wasu a Kanada aka yi su, wasu a Amurka. 'Yar kibiya mai ƙafa uku alama ce ta kayan gwamnatin Ingila. Wanda ya sa sanfefa ya goge tsatsa don ta yi kyau, ya goge wannan duka, kuma ba ya dawowa. Haka wanda ya shafe ta da fenti.

Bindigar toka ita ce ta fi shafar mutane da yawa, domin ita doka ta bar wa ƙofa, ita ce a hannun maharba da 'yan bindigar sarki a hawan sallah da bikin kamun kifi na Argungu. A kanta zan fi tsayawa.

Duk bindigar ɗuri da aka gada, a ɗauka a ɗure take. Maharban da sukan ajiye ta da shiri, kuma albarushi ba ya mutuwa don tsufa in dai ya bushe. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A juya bakin inda ba kowa, a tabbatar ba a ɗane take ba, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama a daidai bakin bututu, a zaro a shimfiɗa ta a waje a jikin bututun. In ƙarshen sandar bai kai daidai ramin wuta ba, wato 'yar hudar da wuta ke bi ta kama albarushi a gindin bututu, ya rage kamar faɗin yatsu biyu ko fiye, akwai abu a ciki. Kada a leƙa, kada a busa da baki, kada a kai wa maƙeri ya sa a wuta don ya kwance gindi. Wannan na ƙarshe ya sha kashe mutane a maƙera. A kai wa Sarkin Bindiga ko mai kula da makamai na 'yan sanda.

Abubuwan da ke fasa ta sanannu ne. Na gaba a cikinsu shi ne zuba mata maganin da aka farke daga harsashin zamani. Wannan magani ƙarfinsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, kuma ba a yi bututun toka don ya ɗauke shi ba, ko kaɗan ne. Sai ɗuri biyu, wanda ya fi faruwa a hawa: ƙara ta yi yawa, mutum ya ja kunama bai lura tasa ba ta tashi ba, ya sake ɗurawa a kan na farko. Maganinsa a yi wa sandar ɗuri zane biyu na dindindin, ɗaya na bututu wofi, ɗaya na ɗuri guda, a riƙa dubawa kowane karo. Sai barin sarari tsakanin albarushi da abin toshiya, wanda ke kumbura bututu, da taɓo ko gidan zanzaro a baki, wanda ke yin haka nan. Bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa kuwa yana da ɗinkin walda a tsawonsa, kuma ta nan yake tsagewa. Dokar ta tanadi izini ga mai ƙira da gyaran bindigar toka, amma maƙera nawa ne aka taɓa zuwa aka duba aikinsu?

Wajen ɗuri, kada a zuba kai tsaye daga gora ko ƙahon albarushi. Bayan harbi ɗan garwashi na iya saura a gindin bututu daga tsumman toshiya. In aka kafa bakin gora a kai, wutar za ta hau har cikin gorar da ke hannun mutum. A zuba a ɗan ma'auni, a rufe gora, sannan a juye, kuma tsakanin harbi da harbi a zura tsumma mai ɗan danshi. Fuska da tafin hannu kada su tsaya saitin baki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin a sama a ƙirga minti guda cur kafin a taɓa komai. Harbin hawa da ba harsashi ma yana raunata mutum, domin toshiyar da ƙwayoyin albarushi masu ci suna fita da ƙarfi, suna iya huda fata ko makantar da yaron da ya matso. Ƙarar kuma ta haura abin da kunne ke jurewa, shi ya sa tsofaffin 'yan bindigar fada da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Abin toshe kunne ba tsada gare shi ba, kuma bai rage wa kowa jarumta.

Wanki a ranar harbi ake yin sa, ba washegari ba. Dattin albarushi na ɗauke da gishiri da farar wuta, yana shan laima cikin dare ɗaya. Ruwan zafi da ɗan sabulu, a yi ta zura tsumma har ya fito fari, a bar zafin ƙarfen ya busar da shi, a bi da busasshen tsumma, sannan man keken ɗinki kaɗan. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, su toshe ramin wuta. Baƙin man mota yana jiƙa katako ya ruɓar da shi a inda ya haɗu da ƙarfe, don haka a jingine ta baki ƙasa na kwana biyu bayan shafa mai, kada ya gangara cikin ƙota. A rataye ta nesa da ƙasa da bangon laka saboda gara, ba cikin leda ko kube na fata ba. Hunturu na tsaga ƙota in ta bushe da yawa, ɗan man katako a tsumma sau ɗaya a shekara ya isa. Tsatsar sama a bi ta da mai da tsumma mai kauri a hankali, baƙin launin da ƙarfe ya yi da tsufa kuwa a bar shi, kariya ce. Albarushi a ajiye shi daban, a kulle, nesa da madafa da hannun yara.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma tana lalata makaman da aka ƙwace a bainar jama'a. Wannan daidai ne ga AK-47 da ire-irenta. Amma kafin a sa injin yanka, a bar ma'aikacin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya duba tarin, ya ware wadda ta girmi Najeriya. Gwamnatocin Kebbi da Zamfara su nemi yardar tarayya a ware wani lokaci da magada za su miƙa tsohuwar bindigar soja ba tare da tuhuma ba, kuma a bi ta hannun sarakuna, domin talaka zai fi sakin jiki ya kai wa hakimi da ya shiga caji ofis da ita a kafaɗa. A Kebbi fadojin Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru sun isa wannan aiki. Mai kula da makamai na 'yan sanda ya karɓa a gaban hakimi, ya tabbatar ba komai a ciki, a ba magaji rasit. Tsofaffin harsasai kada kowa ya ɗauko su a aljihu ko ya jefa a wuta, a nuna inda suke a zo a kwashe.

Wurin ajiya muna da shi. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar Sarkin Kabi ce har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, yana da sashen kayan yaƙi, da masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya. A kashe bindigar yadda na bayyana, a ɗauki hoton kowane rubutu da ke jikinta, a rubuta tsawonta da nauyinta da lambarta a rajista, sannan a zauna da dattawan gidan a ɗauki abin da suka sani: wa ya riƙe ta, a wace runduna, ta yaya ta zo gidan. A manna sunan gidan a ƙarƙashinta in sun yarda. Su kuma bindigogin toka na fada, kowace masarauta ta sa Sarkin Bindiga ya tara su sati biyu kafin sallah, a duba bututu da ramin wuta da ƙota ɗaya bayan ɗaya tare da maƙerin da ke da izini, wadda aka samu da kumburi ko tsaga a cire ta daga hawa a aika da ita Argungu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Argungu, Jihar Kebbi